Ko Kun Sani?

Iskar da ba ta fi cikin kofi ba tana iya hana ruwa fitowa daga famfo, ko da tankin gida cike yake maƙil.

Hakan ya fi faruwa bayan tanki ya ƙafe an sake cika shi. Iska ta fi ruwa sauƙi, sai ta haura ta maƙale a inda bututu ya yi tudu ko ya lanƙwashe. Ruwan tankin da ke sama kuwa nauyinsa kaɗai ke turo shi. Tankin da ya ɗara famfo da mita 3 ƙarfinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ya ɗara da mita 10, shi ya sa yakan kasa ture iskar.

Alamarta ita ce famfo ya riƙa tari yana fesar da ruwa kaɗan-kaɗan.

Masu gyaran famfo kan haɗa tiyo daga famfo mai ƙarfi zuwa wanda ya toshe, su buɗe duka biyun, ruwa ya kora iskar ta koma tanki. Maigida, a riƙa cika tanki kafin ruwansa ya ƙare.