Saƙon da Ke Bin Ma'aikaci Lungu-lungu

A asibitocin Ingila akwai wata lamba da kowane sabon ma'aikaci ke haddacewa tun ranar farko: 2222. Idan zuciyar majiyyaci ta tsaya, nas ba ta ɓata lokaci wajen tambayar wane likita ke bakin aiki. Wannan lamba take bugawa a wayar ɗakin, ta faɗi abin da ya faru da inda ya faru. Kafin ta ajiye kan waya, 'yan na'urorin da ke maƙale a ƙugun tawagar ceto sun ɗauki ƙara gaba ɗaya. Mai shan shayi ya dire kofi, mai hawa bene ya juyo, kowa ya nufi ɗaki guda a guje.

Wayar ofis an yi ta ne don mai kujera da tebur. To, nas fa? Mai gyaran inji a masana'anta fa, ko mai gadi, ko mai kula da ɗakunan otal? Waɗannan aikinsu a ƙafa yake. A da, sai dai a aiki masinja, ko a kwarmata suna a lasifika, a tashi marasa lafiya daga barci don neman mutum ɗaya.

Na'urar da ta fara raba wannan gardama ita ce feja. Wani injiniya mai suna Al Gross ya ƙirƙiro ta a Amurka a 1949, kuma a 1956 asibitin St Thomas na Landan ya rataya wa likitocinsa irinta, ƙirar kamfanin Multitone. Amma feja kurmar baiwa ce ta wani fanni: tana kira, ba ta jin amsa. Yawanci lamba kawai take nunawa. Likita ya bar abin da yake yi, ya nemi waya, ya buga, ya tarar ana kan layi, ko wadda ta kira shi ta riga ta koma gun majiyyaci. Bai kuma san ko kiran na rai-kwakwai-mutu-kwakwai ba ne, ko kuwa sa hannu kawai ake nema a takardar magani.

A 1992, shekarar da aka aika saƙon tes na farko a duniya, Turai ta fitar da tsarin DECT na wayoyin da ba su da igiya. A kansa, daga baya kuma a kan Wi-Fi, kamfanoni irin su Ascom na Suwizalan da Spectralink na Amurka suka gina wayoyin hannu na cikin ma'aikata. Ba su da layin kamfanin sadarwa, ba a sa musu kati. Eriyoyinsu na nan a silin da barandun ginin, kwamfutar da ke raba saƙonni ita ma a cikin gidan take.

Abin da ya bambanta su da tes ɗin da aka saba shi ne, sau da yawa ba mutum ne ke rubuta saƙon ba. Majiyyaci ya danna maɓallin da ke gefen gadonsa, sai rubutu ya faɗo a wayar nas ɗin da aka damƙa wa wannan gado: ɗaki kaza, gado kaza. Akwai maɓallin karɓa, akwai na cewa hannu ba sarari. Idan ta ƙi, ko ta yi shiru har lokacin da aka ƙayyade ya wuce, saƙon da kansa zai tsallaka zuwa ga abokiyar aikinta, daga nan ya kai ga shugabar ɗaki. Kwamfuta tana rubuta komai, da sa'a da minti, don haka zancen "ai ban gani ba" ya ƙare. A masana'antu, injin da ya yi zafi shi ke aika wa makaniki saƙo. Wasu wayoyin ma suna gane cewa mai ɗauke da su ya faɗi, ya daina motsi, sai su kira taimako da kansu.

Mai karatu zai ce, ina laifin WhatsApp, tunda kowa na da shi a aljihu? Laifinsa na farko sabis. Ɗakin hoton ƙashi da dalma ake lulluɓe bangonsa, benen ƙasa kuwa kankare ne zalla. Kuma layin jama'a ba a hannun asibiti yake ba. Mutanen Zamfara sun ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, duk wanda aikinsa ya dogara da salula ya wayi gari hannu rabbana. Sai batun sirri: hoton takardar majiyyaci da ya shiga wayar ma'aikaci, tare da shi zai koma gida, ya zauna kusa da hotunan biki da na suna.

Ita kuwa feja ta ƙi mutuwa. A watan Fabrairun 2019 ministan lafiya na Birtaniya, Matt Hancock, ya umarci asibitocin gwamnati su rabu da ita kafin ƙarshen 2021. A lokacin suna riƙe da kusan 130,000, kimanin kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka rage a duniya, suna cin fam miliyan 6.6 a shekara. Gwamnati ta kafa hujja da gwajin da aka yi a asibitin West Suffolk, inda wata manhajar saƙonni ta rage wa ƙananan likitoci minti 48 a kowane zango na aiki. Duk da haka umarnin ya bar ƙofa: a ajiye wasu don ranar da Wi-Fi ya ɗauke. Batirin feja yana yin makonni, siginarta na ratsa bango, ba ta san cunkoson layi ba.

Sabuwar hanyar ma tana da nata ciwon, kuma shi ne wanda masu talla ba su cika ambata ba. Tunda kowace na'ura na iya aika saƙo, sai kowace ta yi ta aikawa. Igiyar na'ura ta zame daga ƙirjin majiyyaci, ƙara. Ya juya a kan gado, ƙara. Nas ɗin da aljihunta ke ruri dare da rana, wata rana kunnenta zai daina ji. Hukumar Joint Commission mai tantance asibitoci a Amurka ta yi gargaɗi a 2013 cewa daga Janairun 2009 zuwa Yunin 2012 an kawo mata rahoton aukuwa 98 masu nasaba da ƙararrawar na'urori, 80 daga ciki da mutuwa suka ƙare.

Saboda haka shugaban asibiti ko manajan masana'anta da ke shirin sayen irin waɗannan wayoyi, kada ya tsaya ga farashi da kyawun allo. Ya ɗauki guda ɗaya ya zaga da ita ginin da ƙafarsa, har sito da ɗakin janareto, ya ga inda saƙo ke shiga da inda ba ya shiga. Sannan ya zauna da masu aikin dare su yanke wane saƙo ne ya cancanci ƙara, wane ne zai jira safiya.