Turancin Neman Rance

Wata rana ƙungiyarku ta manoma za ta aike ku banki neman rancen sayen taki. Mai yiwuwa manajan ba ya jin Hausa. Kada gabanku ya faɗi. Turanci kaɗan ya isa, in an jera shi daidai.

Ku fara da "Good morning." Ba a doguwar gaisuwa a ofis. Sai ku ce, "I am here to talk about our farm," wato na zo magana a kan gonarmu. "We need" kuwa, muna bukata ke nan.

Wurin ƙidaya ne ake tuntuɓe. "Fifteen" 15 ne, "fifty" kuwa 50. A kunne kusan ɗaya suke. Na farko ana jan ƙarshensa, na biyu ana datse shi. Wanda ya nemi buhu 50 aka ji 15, ya rasa buhu 35. Saboda haka ku rubuta adadin a takarda, ku miƙa kuna faɗa.

In ba ku gane tambayarsa ba, ku ce, "Please say it again." Kada kunya ta sa ku ce "yes," gama zai ɗauka kun yarda da sharaɗinsa.