Amfanin Kanumfari A Maganin Gargajiya Na Ƙasar Sin

Tambaya: Na ji ana cewa mutanen Sin suna magani da kanumfari. Wace cuta suke magancewa da shi, kuma kowa zai iya sha?

Amsa:

Kanumfari furen bishiya ne da ake tsinkewa tun bai buɗe ba, a shanya shi ya bushe. Asalin bishiyar daga tsibiran Maluku na Indonesiya ne, fatake suka kai shi Sin. Tun zamanin daular Han, fadawa kan sa shi a baki kafin su yi magana da sarki, domin ƙamshin numfashi. Sinawa suna kiransa ding xiang, kuma Li Shizhen ya yi bayaninsa a littafinsa Bencao Gangmu, wanda ya kammala a shekarar 1578.

Masu maganin Sin sun kasa cututtuka zuwa na zafi da na sanyi, suka sa kanumfari cikin magunguna masu ɗumama jiki. Don haka suke ba da shi ga mai shaƙuwa, amai, zawo ko ciwon ciki, idan suka ga sanyin ciki ne sanadi. Haka nan suna haɗa shi da wasu magunguna ga namiji mai rauni wajen iyali. Shi kuwa ciwon haƙori, akwai wani mai a cikinsa, yujinol, mai kashe raɗaɗi, wanda likitocin haƙori ke amfani da shi har yau.

Sai dai a lura da abubuwa uku:

Na farko: sanyin da suke nufi ba shi ne ciwon sanyi da ake kamuwa da shi ta al'aura ba. Wannan ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, sai an yi gwaji a asibiti.

Na biyu: suna auna shi ne, giram 1 zuwa 3 a rana, kuma ba sa ba mai zazzaɓi ko wanda zafi ya yi wa yawa.

Na uku: tataccen man kanumfari yana da ƙarfi ƙwarai. Idan yaro ya sha, ko da kaɗan ne, yana iya taɓa masa hanta. Mai juna biyu da mai shan maganin hana jini daskarewa su tambayi likita kafin su mayar da shi magani.

Ɗan abin da ake sawa a shayi ko yaji kuwa, babu damuwa a cikinsa.

Allah ne mafi sani.