Tarbiyyar Matashi da Matsalar Shaye-Shaye a Lokacin Girma

1.0 Gabatarwa

Kalmar "shaye-shaye" ta samo asali ne daga aikatau "sha", wanda aka ninka domin nuna yawa da maimaici. Bahaushe ba ya amfani da ita ga ruwa ko fura, sai ga abin da ke gusar da hankali, kamar giya da wiwi da sholisho da ƙwayoyi. Wannan babi zai duba yadda abubuwa uku na lokacin tashen balaga, wato riƙo da addini da ɗabi'a da lafiyar ƙwaƙwalwa, suke da alaƙa da shaye-shayen mutum bayan ya girma. An ɗauki garin Kongolam a matsayin misali.

2.0 Yanayin Wuri

Kongolam gari ne na kan iyaka a ƙaramar hukumar Mai'adua, cikin masarautar Daura, a kan hanyar da ta nufi Matamaye da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. A gari irin wannan, yaro yakan fara riƙe kuɗi da wuri ta hanyar dako ko acaɓa ko hidimar direbobi, ya kuma yi cuɗanya da baƙi nesa da idon iyaye.

Tun da Jihar Katsina ta fara aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, sayar da giya a fili ya zama laifi. Sai dai hana giya bai kawar da maye ba, domin wasu matasa sun karkata ga tiramol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018. Binciken ƙasa na wannan shekarar ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a shiyyar Arewa maso Yamma.

3.0 Riƙo da Addini

Musulunci ya haramta giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, malamai kuma sun haɗa duk wani abin maye a wannan hukunci. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa matashin da ke riƙe da addini yakan jinkirta fara shan giya, ko ya ƙaurace mata gaba ɗaya. Dalilan su ne: addini yana ba shi ƙa'ida bayyananniya, yana haɗa shi da abokai masu irin ra'ayinsa, yana kuma cike masa lokaci da salla da karatun Islamiyya.

Amma akwai bambanci tsakanin yaron da ya yi imani da haramcin da wanda tsoron bulala kawai ya hana shi. Na biyun, da zarar ya bar gida cin rani, sai shingen ya faɗi. Haka kuma jin kunya yakan sa wanda ya riga ya faɗa ya ɓoye halinsa har abin ya yi nisa.

4.0 Ɗabi'a

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da hangen nesa da danne son zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Saboda haka ganganci ya fi yawa a lokacin samartaka. Wani nazari da aka buga a Amurka a 1997 ya gano cewa waɗanda suka fara shan giya kafin shekara 15 sun ninka waɗanda suka kai shekara 20 sau huɗu wajen yiwuwar zama bayin giya. A Dunedin ta ƙasar Niyuzilan kuwa, an bi rayuwar yara kimanin 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna cewa masu ƙarancin kamun kai a yarinta sun fi faɗawa shaye-shaye a shekara 32. Gudun makaranta da yawan faɗa da sauya abokai alamu ne na farko. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

5.0 Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Ba kowane mashayi ne ya fara don neman nishaɗi ba. Wani baƙin ciki ne ko fargaba ko rashin barci ya kai shi, sanadiyyar mutuwar aure a gida ko maraici ko duka. Abin mayen yakan ba shi sauƙi na ɗan lokaci, daga baya damuwar ta dawo fiye da da, shi kuma ya ƙara yawan abin da yake sha. Irin wannan yaro magani da shawara yake bukata. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutane da dama daga wani gidan mari a Daura, inda iyaye suka kai 'ya'yansu gyaran hali, aka same su cikin sarƙa da raunuka. Azaba takan ƙara ciwon da ya haifar da shan.

6.0 Kammalawa

Waɗannan abubuwa uku alamu ne na haɗari ko kariya. Ba su yanke hukunci a kan makomar kowane yaro ba, domin akwai ɗan malam da ya faɗa, akwai kuma kangararren da ya shiryu. Aikin malami shi ne ya lura da sauyin halin ɗalibi, ya kira shi a keɓe ba tare da tozartawa ba, ya tuntuɓi iyaye da malamin ba da shawara, sannan ya nuna hanyar asibiti idan abin ya fi ƙarfinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Bayyana hanyoyi uku da addini ke kare matashi daga shaye-shaye.
2. Wane mataki malami zai ɗauka idan ɗalibi mai ƙwazo ya fara barci a aji da gudun makaranta?