Jan fentin da ya rufe arewacin Yobe

Duk wanda ya tashi daga Nguru zai je Gashuwa, sai ya ratsa Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa. Gari ne na bakin titi, kuma irin wannan gari abincinsa yana ƙafar matafiya. Kudu da shi fadamar Haɗeja da Nguru ce. Arewa kuwa rairayi ne har tuddan Bulatura da Tulo-Tulo a ƙasar Yusufari, sannan can yamma ga duwatsun Machina a bakin iyakar Nijar.

A da, wannan yanki yana da baƙi. Tafkin Dagona da ke ƙasar Bade masauki ne na tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai duk hunturu, kuma dominsu Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo a 1989, ɗansa Charles da matarsa Diana suka biyo baya a 1990. A 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar. Baƙo ɗaya mai kallon tsuntsu yana ciyar da mutane da yawa: mai kwalekwale, ɗan jagora, direba, mai shayi, har da matar da ke saƙa tabarmar kaba.

Babu wata ƙofa a Dagona da aka rubuta cewa an hana shiga. Hanin yana can nesa, a taswira. Tun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, gwamnatocin Birtaniya da Amurka suke gargaɗin mutanensu kada su taka jihar Yobe. Da zarar an shafa wa wuri jan fenti a taswirar gargaɗin, kamfanin inshora ya janye, jami'a ta hana ɗalibinta zuwa bincike, mai shirya yawon buɗe ido ya soke tafiya. Ba na cewa arewacin Yobe bai ga wuya ba, don mutanen Gaidam da Kanamma ba su manta da hare-haren 2021 ba. Amma jiha ce mai faɗi, kuma yi wa Machina da dajin Gujba kuɗin goro bai dace ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takunkumin da ya faɗa kan ɗan gida. An hana hawan babur a jihar sama da shekara goma, sai a 2023 aka sassauta wa wasu ƙananan hukumomi. A ƙasar da mota ke kafewa cikin yashi, babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu, a Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Don maganin fasa-ƙwauri aka yi, amma manomin rani mai injin ban-ruwa da mai injin niƙa su suka fara ji a jika. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024. Mangawan da ke Nguru da na Gure ta Nijar dangi ne, layin da Ingila da Faransa suka ja ne ya ratsa tsakaninsu. Rufe iyaka a wurinsu na nufin rasa kasuwar dabbobi da kanwa, wani lokaci har da jana'izar kawu.

Maƙwabtanmu na duwatsun Abzin sun riga mu ɗanɗana wannan. Garuruwan Timiya da Iferwan sun rayu da baƙin Turai, har tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010 suka kore su. Maƙeran azurfa da 'yan jagora da dama suka watse neman wata sana'a.

Baƙon Turai ba zai dawo gobe ba, kuma ban ga dalilin zaman jiransa ba. Daga Kano zuwa Nguru tafiyar yini ɗaya ce ba ta cika ba. Makarantun Kano da Haɗeja da Damaturu za su iya kai ɗalibai Dagona a watan Janairu, lokacin da agwagin ruwa ke cika tafkin, su kwana a Gashuwa, su tsaya cin abinci a Jajimaji.