Wasan talabijin ya iso Agiye, amma bai shiga gida ba

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta da ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi, ta bi ta Caduwa da Agiye har Gazawa, in ya tsaya kusa da tasha bayan la'asar, yana iya jin sowar yara tana fitowa daga wani ƙaramin shago ko rumfar kwano. In ya leƙa sai ya tarar da yara biyu zaune bisa benci gaban akwatin talabijin, kowane riƙe da wani abu mai maɓallai, suna juya ƴan ƙwallon da ke cikin akwatin yadda suka ga dama, wasu kuma na tsaye bayansu suna jiran layi. Wannan shi ne abin da yara ke kira gem, abin riƙon kuma suna ce masa hannu, ko manet da bakin Faransanci. Iyaye da yawa sun san sunan, sun kuma san ƴan dalolin da yake ci musu, amma kaɗan ne suka taɓa shiga suka ga abin da idonsu.

Na'urar da ake haɗawa da talabijin domin wasa ta girmi yawancin iyayen waɗannan yara. Ta farko da aka sayar a kasuwa, Magnavox Odyssey, ta fito a Amurka cikin shekarar 1972, watau shekara bakwai kafin Télé Sahel ta soma watsa shirye-shiryenta a 1979. Sa'an nan kamfanin Atari ya fito da tasa a 1977. Amma mutanen Japan su ne suka kai abin kowane lungu na duniya. Kamfanin Nintendo, wanda tun 1889 yake buga katin karta a birnin Kiyoto, ya fito da wata na'ura a 1983, ya raɗa mata suna Famicom, ma'anarsa kwamfutar iyali. A lura da wannan suna, domin cikinsa manufar masu ƙirar take: na'ura ɗaya cikin ɗaki, uba da uwa na gani, yara na wasa. Kwaikwayonta mai araha da aka ƙera a ƙasar Sin, mai kaset rawaya da bindigar roba ta harbin agwagi, shi ne na'urar da yawancin magidantan yau suka fara gani suna yara. Daga baya kamfanin Sony ya shigo da PlayStation a watan Disamba na 1994, ta biyunta kuwa, wadda ta fito a shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 155, har yau babu na'urar wasa da aka tabbatar ta wuce ta.

To me ya hana ta shiga gidajenmu kamar yadda masu ita suka nufa? Na farko kuɗi. Lokacin da PlayStation ta biyar ta fito a watan Nuwamba na 2020, farashinta a Turai yuro 499 ne da ƴan kai, watau wajen jika 328 na kuɗinmu. Mafi ƙanƙantar albashi bisa doka a Nijar, tun daga watan Janairu na 2024, jika 42 ne a wata. Ma'aikaci sai ya tara albashin kusan wata takwas, bai ci ba bai sha ba, kafin ya saye ta, ban da kuɗin talabijin da na faifan wasa. Manomin gero da aya kuwa ba a maganarsa. Saboda haka abin da ke iso mana tsoffin na'urori ne, ta biyu da ta uku da ta huɗu, waɗanda aka gama amfani da su a wasu ƙasashe, suka biyo hannun ƴan kasuwar Kano da Katsina da Maraɗi.

Na biyu shi ne kuran. Mutanen Gazawa sun san wannan magana fiye da kowa, gama a garinsu ne babban layin wuta mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina yake sauka, daga nan NIGELEC ke raba wutar zuwa Maraɗi da Damagaram. Duk da haka, a ƙasarmu baki ɗaya wajen mutum ɗaya ne cikin biyar ke da kuran a gida, a karkara kuma abin bai kai ko kusa da haka ba. Sa'ad da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023, har zuwa bayan ɗage takunkumin CEDEAO a watan Fabrairu na 2024, kowa ya ga yadda garuruwa ke komawa duhu. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa tsohuwar na'ura ta fi sabuwa daraja a wurinmu: ƙaramar PlayStation ta biyu ba ta cin wat 50, faifan sola da batir sun ishe ta, alhali ta biyar tana shan wajen wat 200 in wasa ya yi zafi.

Ke nan na'urar da aka ƙera domin ɗakin iyali ta zama jarin ɗan kasuwa. Saurayi ya sayi guda ɗaya ko biyu, ya kafa talabijin, ya tanadi gurup ko sola, ana biyansa wasa-wasa, sau da yawa wanda aka ci shi ke biya ko ya tashi ya ba na baya wuri. Ba za a raina wannan sana'a ba a ƙasar da samari ke tafiya cin rani don rashin abin yi. Wasan da ya fi kasuwa shi ne ƙwallon ƙafa, ko PES na kamfanin Konami, wanda aka sake wa suna eFootball a 2021, ko FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, ko da yake yara ba su bar tsoffin sunayen ba.

A ganinmu, wanda ya ce wasan kansa shi ne ɓarna ya yi gaggawa. Kakanninmu sun yi dara a gindin itace har rana ta karkata, ba wanda ya ce hankalinsu ya ragu, asali ma gwanin dara ana yaba masa da hangen nesa. Yaron da ke gem yana koyon saurin ido da hannu, yana ƙididdige lokaci, yana karanta kalmomin Faransanci da na Ingilishi da ke bayyana gabansa, wani lokaci da ƙwazon da malaminsa na lakwal zai so ya gani cikin aji. Sai dai ita dara a fili ake yinta, babba na kusa, ba a biyan ko dala, in duhu ya yi kuma a tashi. Shagon gem yana da ƙofa, yana da fitila, mai shi kuwa ribarsa tana cikin daɗewar yaro a zaune. Kuɗin da aka ba yaro na kalacin safe, ko canjin aike, nan yake ƙarewa. In aka ɗora kuɗi bisa wanda zai ci, to wasa ya tashi daga wasa ya koma caca. Malamai sun san alamar: ɗalibin da ke gyangyaɗi tun darasin farko, da wanda ya fita hutun ƙarfe goma bai komo ba.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta duba wannan al'amari. A watan Mayu na 2019 ta sa jarabar gem cikin kundinta na cututtuka, aka soma aiki da shi a watan Janairu na 2022. Amma a karanta sharuɗɗan da kyau kafin a ɗauki bulala. Ba yawan son wasa ake nufi ba. Sai mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasan bisa sauran harkokin rayuwa, ya ci gaba da shi ko da yana ganin cutar da yake yi masa a karatu ko aiki ko zaman gida, kuma a al'ada sai abin ya kai wata 12. Ƙungiyar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa nan.

Akwai wani abu da duk wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci zai iya yi yau. A kan kwalin faifan da aka yi domin kasuwar Turai akwai lamba cikin ɗan murabba'i: 3, ko 7, ko 12, ko 16, ko 18. Tsarin PEGI ke nan, wanda ake aiki da shi tun 2003, lambar kuwa shekarun da suka cancanci yaro ya kai ne kafin ya yi wasan. Wasannin ƙwallo sun daɗe suna ɗauke da lamba 3. Amma Grand Theft Auto, wanda yara ke kira GTA, da Mortal Kombat, 18 ce a kansu, domin cike suke da kisa da jini da abin da ba a faɗa a jarida. Matsalar ita ce a shagunanmu sau da yawa babu kwali, an zuba wasannin ne cikin na'urar kai tsaye. Sai uba ya shiga da ƙafarsa, ya tambayi mai shago sunan wasan, ya zauna minti goma ya kalla.

Ga hukuma ma akwai aiki. Ƙasar Sin, inda ake ƙera yawancin waɗannan na'urori, ta ƙayyade wa yara ƴan ƙasa da shekara 18 awa uku kacal a mako na wasan intanet tun watan Agusta na 2021, awa ɗaya a daren Jumma'a da Asabar da Lahadi. Mu ba mu da hanyar bin diddigi irin tasu, ba ma bukatarta. Hukumar gari da masu unguwanni da kwamitin iyayen yara na kowace lakwal za su iya zama da masu shaguna a yi yarjejeniya: ba ɗalibi lokacin aji, ba ƙaramin yaro bayan isha'i, ba ɗora kuɗi, a kuma ƙara tsanani in jarrabawar BEPC ta ƙarato.

Sai dai a yi da wuri, domin shagon ma ya samu kishiya. Tun da wasanni irin su Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018 suka sauka cikin wayar salula, yaro ba ya bukatar benci ko talabijin, sai caji da kuɗin intanet. Ƴan mata, waɗanda ba a cika ganinsu a shagon gem ba, su ma yanzu suna wasa da wayar iyayensu mata a tsakar gida.