Maido da rumbun bayanai na master

Master shi ne babban rumbun bayanai na manhajar Microsoft SQL Server. A cikinsa ake ajiye sunayen masu izinin shiga, da saitin manhajar, da wuraren da fayilolin sauran rumbuna suke. Idan ya lalace sosai, manhajar ba ta tashi.

Don maido da shi, ana sake gina rumbunan tsarin, a kunna manhajar yadda mutum ɗaya kaɗai zai iya shiga, sannan a ɗora kwafin ajiya da umarnin RESTORE DATABASE. Da an gama, manhajar tana rufe kanta, sai a sake kunna ta. Duk canjin da aka yi wa master bayan ɗaukar kwafin ya salwanta, shi ya sa ake sabunta kwafin a kai a kai.